Sunan Raɓa

'Yata ta fari ta rasu tana da shekara ashirin, ban taɓa kiran sunanta ba ko sau ɗaya.

A wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Kunya ce. Haka na tarar ana yi a rugarmu ta Burumburum, haka na yi.

Suna biyu gare ta. Akwai na yanka, wanda liman ya raɗa. Akwai wanda malamar asibitin da ta karɓi haihuwarta ta laƙaba mata. Da sassafe aka haife ta, ƙarshen damina. Malamar ta ce a tatsuniyar mutanen Girka akwai wata yarinya, ita ce raɓa, kuma ko a can ba kasafai ake sa sunan ba. Uwarta ta ji ya yi mata daɗi. Liman ya ce laƙabi ne, ba laifi. Sai ya bi ta, har na yankan ya ɓace. Daga Tudun Wada zuwa Doguwa ba ta da takwara.

Ni dai "ke" nake cewa.

Da ta yi wayo takan tsokane ni. "Baffa, wace 'ke'? Mu uku ne a gidan nan."

"Ke ɗin dai. Kawo ƙwarya."

"Nagge ma kana kiran sunanta."

"Nagge ba 'yata ba ce."

Ta yi aure a Dangora. Haihuwar farko ta zo da gardama, jini ya ƙi tsayawa. Aka aiko, na je da hantsi. Ɗakin cike: surukarta, yayana, mata biyu na maƙwabta. Ta ganni, ta miƙo hannu.

"Baffa, faɗi sunana in ji."

Na san shi. Shekara ashirin ina faɗinsa a zuci in ina bayan shanu. Ya zo har bakina. Na dubi yayana, na dubi surukar. Na ce, "Ke, sha ruwa."

Ta sha. Kafin azahar, ta cika.

Jaririyar ta rayu. Ranar suna aka mayar mata da na uwarta, na ce har da laƙabin. Dangin uban suka ce sunan baƙi ne, a bar shi ya bi mai shi. Ban yi musu ba, ban kuma janye ba.

Shanun sun ƙare, wasu ciwo, wasu ɓarayi. Yanzu ina Kwanar Dangora, ina gadin wani sito na hatsi. Yarinyar tana wajena, shekararta bakwai. Ina ƙwala mata kira da laƙabin nan a bakin titi, kowa na ji, ko ba abin da zan aike ta.

Takan ce, "Kai tsoho, za ka ƙarar min da suna!"

In an jima in sake kira.