Furar da Na Dama da Hannuna

Shekara shida na yi ina goge daɓen ɗakin da ake kira reya a wani asibiti na Tamanrasset. Nan ake kwantar da waɗanda rai ya kai musu wuya, kowa da mashin ɗinsa yana ƙara a kansa. Ni mutuniyar Damagaram ce, aure ya kai ni can, maigidana yana da shagon atamfa da turare a kasuwa. Na ɗan yi lekkol, makarantar boko, don haka ina jin Faransanci, Larabcin kasuwa kuma zama ya koya mini. Aikina bokiti ne da tsumma, kuma a shekarun farko ba wanda ya damu ya san ko ina da baki.

Sai aka kawo mana sabuwar babbar likita daga arewacin ƙasar. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin tafiya, ba ta da fara'a, ni da na fara ganinta na ce a raina wannan za mu sha wuya. Ta tarar da ɗaki kowa yana aikinsa baki a rufe, likita ba ya tambayar mai jinya, mai jinya ba ya kallon mai shara. Sati ɗaya ta yi ta kafa doka: kullum da safe duk wanda ke taɓa wani abu a ɗakin zai tsaya a zagaya gadaje da shi, har ni da tsummana. Dokarta ta biyu ita ce wadda ta fi maimaitawa har muka gaji da ji. "Wanda ya ga abu ya faɗa," in ji ta. "Ban damu da ko wane ne kai ba, ban damu da wa zai ji haushi ba."

Wata safiya na fara buɗe baki. Na ce ledar fitsarin wata tsohuwa tun jiya da na duba ba ta ƙaru ba. Likitar ta duƙa ta gani, ta ba da umarni, sannan ta juyo ta ce mini na gode a gaban kowa. Ranar na koma gida ina tafiya kamar an yi mini kyautar zane. Daga nan na zama bakin mutanenmu a ɗakin, domin ba a rasa ɗan Nijar a kan gado: wanda ya faɗo daga gini, wanda ƙishirwar hanya ta kashe wa ƙoda, wanda mota ta kife da shi. Akwai wani mai jinya, Buzu ɗan Abalessa, dogo mai sanyin hannu, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Da shi muka fi shiri, yana kawo mini dabinon gonarsu, ni ina gyara masa zagin.

Ni na roƙi likitar a riƙa barin dangin mutanenmu su shiga. Da, a bakin ƙofa suke wuni a tsugunne har a fito musu da gawa. Ta yi ta juya maganar, a ƙarshe ta yarda: mutum ɗaya, minti goma bayan la'asar, ya wanke hannu, ya sa riga, ni kuma ina tsaye a gefensa. "Duk abin da ya shiga da su a wuyanki yake," ta ce. Na ce na ɗauka. Na ɗauka da ƙarfin gwiwa ma, don a lokacin gani nake ba mahaluƙin da zan kasa ce wa a'a.

Maigidana yana da ƙane, autansu, magini ne, shekararsa talatin da 'yan kai. Abokin wasana ne tun ranar da aka kai ni gidansu. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai matarmu, kuma bai taɓa cin tuwona bai ce miyar ba gishiri ba, yana faɗa yana suɗe kwano. Wata Talata katakon da yake tsaye a kai ya karye a wani gini a unguwar Sersouf, ya faɗo daga hawa na biyu. Ina cikin wanke bokiti aka turo shi, ban gane shi ba sai da na ga tabon ƙuna a ƙafarsa.

Kwana goma sha biyu mashin yana yi masa numfashi. Na ga yadda mutanen ɗakin nan suka tsaya a kansa, kuma har gobe ba ni da abin da zan saka musu da shi. Ɗan Abalessa yana juya shi, yana goge masa baki, yana yi masa magana da Hausarsa ta zagi. A rana ta goma sha uku aka zare masa tiyon maƙogwaro, ya yi numfashi da kansa. Likitar da ba ta dariya ta yi murmushi. Amma ta ja ni gefe ta ce maƙogwaronsa bai koma haɗiya daidai ba, duk abin da ya bi ta baki zai iya sauka a huhu. Abinci ta siririn tiyon hanci za a ci gaba da ba shi. Aka manna takarda a kan gadonsa da Faransanci da Larabci, cewa kada a ba shi komai ta baki.

Ƙishirwa ta dame shi ƙwarai. Sai in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe, yana bin audugar da harshe. Muryarsa a shaƙe ya ce, "Matarmu, rowar taki har nan ta biyo ni?"

Na ce, "Ka tashi ka biya ni kuɗin gishirina tukuna, raggo."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Na fita waje na yi kuka don murna.

Ana cikin haka mahaifinsu ya iso. Tsoho ne da bai taɓa wuce Agadez ba, amma da ya ji labari ya hau mota ya keto saharar nan kwana da kwanaki. Ga wanda bai san irin gidanmu ba, sai na yi bayani. Shekara goma sha huɗu ina auren ɗansa, ban taɓa kallon idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa fara yi masa magana ba bayan gaisuwa, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa. In ina da saƙo gare shi sai ya bi ta bakin ɗansa. Ba tsoronsa nake ba, mutumin kirki ne. Haka aka raine ni, kuma ina alfahari da shi, ana ma kwatance da ni a dangi.

Na ce wa maigida ya gaya wa Baba maganar takardar nan. Ya gaya masa, ina jiyo su daga ɗaki, tsohon ya ce to. Washegari da safe saƙo ya zo mini ta bakin maigida cewa Baba yana son fura mai ruwa-ruwa. Na ji daɗi, na ce tsoho ya fara samun nutsuwar cin abinci. Na ɗauko geron da nake ɓoyo, na dama ta da kyau, na tace. Na kuma gan shi a tsakar gida yana wanke allo a ƙwarya, ban haɗa biyun a raina ba.

Bayan la'asar na shigar da shi. Ya wanke hannu, na miƙa masa rigar ina kallon ƙasa. Ya tsaya a kan ɗansa, auta yana hawaye yana cewa Baba, Baba. Ɗan Abalessa ya ja labule don ya ba su sarari, ya tafi wani gado. Sai na ga tsohon ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da 'yar gora. Na gane ta, tawa ce. Rubutun ya zuba a cikin furar. A wurinsa wannan ba abinci ba ne, ba ruwa ba ne, magani ne da ya rubuta da hannunsa don ɗansa, takardar likita ba ta shafe shi ba.

Na sha juya wannan lokacin a raina, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na san abin da zai faru. Taku biyu ne tsakanina da shi. Na taɓa fizge kwalba daga hannun wani Alhaji mai shaguna uku, na taɓa korar wata mata da ta shigo da dabino a bakin zane. Amma wannan surukina ne. Na buɗe baki, kalmar Baba ta tsaya mini a wuya ta ƙi fita. In kama hannunsa? Ni? Abin da jikina ya saba yi a gabansa shi ya yi: na sunkuyar da kai, na juya fuska ga bango kamar yadda ake yi in babba zai ci abinci.

Na ji bisimillarsa. Na ji haɗiya, ɗaya, biyu, da sauri irin na mai ƙishirwa. Sai tari, mai tsawo, har mashin ya yi ƙara. Kafin ɗan Abalessa ya ɗaga labule gorar ta koma cikin riga. Ya dube ni ya tambaya da Larabci me ya faru. Tsohon yana tsaye a gefena. Na ce tari ne kawai.

Wannan ta biyun ita ta fi ci mini rai. Ta farko zan iya cewa baki ne ya ƙi buɗuwa. Ta biyu kuwa baki ya buɗe sarai. Da safe aka yi zagaye, likitar ta tambaya kamar kullum ko wani ya ga wani abu, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe sandar tsummana na yi shiru. Ina gaya wa kaina ai ya kwana lafiya, wataƙila Allah ya tsare. Ina kuma tunanin ƙofar da za a rufe wa mutanenmu, da yadda za a ce surukar gidan ta kai ƙarar tsoho wurin Larabawa.

A kwana na biyu zazzaɓi ya rufe auta. A na uku aka mayar masa da tiyon maƙogwaro. Suka yi duk abin da suka sani, suka canza magani, suka kifa shi a kan cikinsa, mutum biyar suna juya shi a hankali. Bai ƙara buɗe ido ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, ina goge ƙarƙashin gadon da ke kusa da nasa.

Al'adar likitar ce in aka rasa wanda aka sa ran tashinsa, a zauna a tambayi juna ina aka kuskure, ba don a kama mai laifi ba. Muka zauna. Ɗan Abalessa ya ce shi ne. Ya ce ranar shi ya zuba abincin tiyo, kuma yana jin bai ɗaga kan gadon yadda ya kamata ba, abincin ya dawo ya sauka a huhu. Mutumin da ya yi kwana goma sha biyu yana goge wa ƙanen mijina baki, ya ja rawaninsa ya rufe fuska. A nan ne na yi magana, da ba ta da sauran amfani ga mamacin. Na faɗi komai, har da cewa ni na dama furar.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Likitar ta ce, "Ba zan ce miki da kin faɗa da ya rayu ba, ban sani ba. Amma da mun sami kwana biyu da ba mu samu ba." Ba ta kore ni ba, ba ta kuma rufe ƙofa ba. Sai dai daga ranar mai jinya ke tsayawa da baƙo, ni fassara kawai nake yi daga nesa. Ɗan Abalessa ya ci gaba da gaishe ni, amma bai ƙara kawo dabino ba. Wata huɗu na ƙara na ajiye aikin da kaina, domin duk safiya in ta tambaya ko wani ya ga wani abu, in idonta ya zo kaina sai ya ɗan daɗe.

Maigida bai sani ba har yau. Tsohon ma bai taɓa sanin abin da gorar ta yi ba, an ce masa ciwon huhu ne, ya ce kwana ne ya ƙare. Bayan sadakar bakwai ya shirya komawa gida. Na fito na durƙusa a bakin ƙofa don sallama, ina jiran ya ba ɗansa saƙo kamar yadda aka saba. Sai na ji ya tsaya a kaina. A karo na farko cikin shekara goma sha huɗu ya yi mini magana kai tsaye.

"'Yata," ya ce, "na ga abin da kika yi mini ranar nan. Kin san dokarsu, kika kau da kai kika bar ni da ɗana. Saboda ke yaron nan bai tafi da ƙishirwa ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kunya kamar yadda kika yi mini."

Ya ajiye gorar a gabana, ya riga ya wanke ta tas. Kaina yana ƙasa na ce amin.