Shuɗin Teburin Oga

A shekarata ta ƙarshe a digiri na biyu, aikin da na ɗauka shi ne koya wa kwamfuta gane walda mai aibi daga hoto. Ana tara mata hotuna ne da yawa, a ce mata wannan mai kyau ne, wannan ya tsage, wannan yana da ƴan ramuka, har ta iya rarrabewa da kanta. Masu kyau na samu a ɗakin gwajin makaranta. Marasa kyau ne suka yi mini wuya.

Akwai wani mai walda a Sabon Gari, Ibo ne haifaffen Kano, shi ya yi ƙofar gidanmu a Fagge tun ina firamare. Oga muke ce masa. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya.

"Wato ƴata, so kike in ɓata aiki da gangan?"

Sati uku yana yi mini. Wani guntun ƙarfen ya ƙara masa wuta, wani ya ja hannu a kansa da gaggawa, wani ya yi shi da sandar walda mai danshi. Ni kuma ina jera guntayen a kan shuɗin teburinsa ina ɗauka.

Da manhajar ta fara aiki a wayata, kaina ya kumbura. Ran nan ina shagon, sai ga Alhaja, Bayarabiya mai sayar da atamfa a layinmu, ta zo duba ƙafar tankin ruwa da ta ba shi. Ƙarfen yana kan tebur. Ba wanda ya tambaye ni, na ɗaga waya na ɗauka. Ta nuna ja.

"Akwai aibi a nan," na ce, da muryar da kowa zai ji.

Alhaja ta dube shi. "Oga, a ƙarƙashin tankin nan jikokina suke wasa."

"Alhaja, aikin nan lafiya lau yake. In kina so in yanka ki gani."

Ba ta so ba. Ta kai aikin wani wuri. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya sauke gilashin fuskarsa ya ci gaba.

Bayan kwana biyu malamina ya duba hotunan, ya ce in ɗora walda mai kyau a kan shuɗiyar takarda in gwada. Ta nuna ja. Na ɗora cokali, shi ma ja. Ashe ba walda ta koya ba, launin teburin Oga ta haddace, tunda duk marasa kyan a kansa na ɗauke su.

Alhaja na fara samu in gaya mata kuskuren nawa ne, don ita ta fi sauƙi. Ta ce ai tanki ya riga ya hau ƙafar da aka yi mata a wani wurin. Oga kuwa sai da na yi kwana goma ina zuwa bakin layinsu a adaidaita sahu ina cewa a juya.

Ranar da na shiga, na faɗi komai ina kallon ƙasa. Ya saurara har na gama.

"Kin gaya wa Alhaja?"

"Na gaya mata."

"To."

Ya shiga ciki ya kwaso guntaye masu kyau, ya jera a kan teburin, ya ce in ɗauka in gyara abina. Na ɗauka, rabinsu ba su fito da kyau ba, sai da na sake komawa.

Na ci jarrabawa. Har yau yana gaishe da mahaifina, yana tambayarsa ya injiniya, wato ni. Alhaja ba ta ƙara ba shi aiki ba.