Jikan Barde Bahago Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin shan koko da safiyar yau aka kira ni, wai Malam Isiyaku ya rasu. Ban ƙarasa kokon ba.

Ina ta hawaye, amma wallahi duk abin da na tuno game da shi sai na kama dariya.

A shekarun casa'in muka yi aiki ofis ɗaya a Abuja, mu duka daga Suleja muke zuwa. Yana da wata tsohuwar mota Bitil mai tari kamar akuya. Kullum zai tsaya mini a Kurmin Sarki, bai taɓa yarda na sa masa mai ba. Kuɗin motar shi ne sauraron tarihin kakansa.

Wai shi jinin Barde Bahago ne, wani mayaƙi cikin waɗanda suka baro Zazzau suka zauna a nan. Hujjarsa? Shi ma bahago ne. Da mun zo daidai Dutsen Zuma sai ya saki sitiyari ya nuna: "Can kakana ya kori mutum ɗari shi kaɗai!" Ranar da aka biya albashi sukan kai ɗari uku.

Na ce, "Malam, riƙe sitiyarin, kada ka kai mu wurinsa yau."

Ranakun Asabar kuwa sai ya rataya rikoda ya tafi unguwar Iku, yana ɗaukar muryar tsofaffi a kaset. Kowa ya zauna da shi sai ya samo masa babban kaka. Ni ma ya ba ni wani sarkin maƙera, na karɓa da godiya.

Bayan mun yi ritaya, 'yarsa Hafsatu da ke Ingila ta aiko masa da kwalbar gwajin DNA, ya tofa yawu aka mayar. Gaskiya na ji tsoro. Mutumin da ya gina rayuwarsa kan Barde, in aka ce masa ba haka ba, ina zai sa kansa?

Gwajin bai ce komai kan Barde ba. Abin da ya fito da shi wata nas ce a can Ingila, Rifkatu, 'yar Gbagyi daga wani ƙauye bayan Lambata, wai jininsu ɗaya. Da aka tambayi tsofaffinsu sai suka ce tabbas, an taɓa kai wani yaronsu riƙo cikin gari a shekarar yunwa, bai dawo ba. Kakan Malam ke nan.

Na je gidansa ina shirya kalaman lallashi, sai na tarar ana tura rago cikin mota.

"Shiga mu tafi, Habu," in ji shi. "Ashe ina da dangi ban sani ba!"

A ƙauyen wata tsohuwa ta ga ya karɓi ruwa da hagu, sai ta riƙe hannun ta fashe da kuka. Wai haka mahaifinta yake.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne, yana zaune a zaure, doya jibge a gefe. Na tsokane shi, "To ina Barde?"

"Yana nan, ai a gidansa aka raini kakana," ya ce. "Amma shi kirari kawai ya bar mini. Waɗannan kuwa, ka ga doya."

Ɗazu kafin a fito da gawa motar dangin nasa ta iso daga Lambata. Kiristoci ne, suka tsaya gefe har aka idar da salla, sannan mazansu suka sa kafaɗa aka ɗauki ɗan'uwansu.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙuri, na gari da na ƙauye. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Mutumin da ya yi ta nemo wa kowa dangi, kada ya rasa mai ce masa amin.