Nevzat da Lokmar Mamaci

Ɗan kawuna Nevzat, tun da nake ban taɓa ganin kujera ta ɗumama a ƙarƙashinsa ba. Uwarsa ta ce a tsaye ya sha nono, ni kuwa na yarda. Shayi yake rabawa a kasuwar Kemeralti ta nan Izmir tun yana da majina a hanci, faranti na lilo a hannunsa, daga masu gwal zuwa masu takalma, daga can zuwa masu kifi. In ka kira shi a bakin kasuwa, daga ƙarshenta zai amsa. A tafe yake cin abinci. Ko aski ya je, wanzami binsa yake yi da almakashi.

Abin da ya sa ya haura arba'in ba mata ke nan. Wa za ta zauna da mutumin da kafin ta gama sannu da zuwa ya fice? Sai Allah ya kawo Gulizar mai ɗinkin labule, mace mai sanyi kamar ruwan randa, ta ce tana so. Saura uwarta Munevver, tsohuwar wani ƙauye can bayan duwatsu, wadda ta ce ba e ba a'a sai ta ga yadda zai yi ranar sayayyar baiko. A ranar ne dangin miji ke kai yarinya da uwarta kasuwa, a saya mata kaya daga ɗankwali har takalmi, sannan a zaunar da su gidan abinci a karrama su. Ciwon gwiwa ya hana uwarsa fita, sai aka tura ni.

Na ce masa, "Mazari, yau dai ka yi tafiya irin ta mutane."

Ya ce, "Ke Perihan uwar surutu, ki riƙe ledoji kawai. Yau Inna za ta san ta zo birni."

Ta kuwa sani. A kantin yadi, tsohuwa ba ta gama shafa ƙyalle ba an naɗe an ƙulle. A wurin takalma, ƙafa ɗaya Gulizar ta gwada, ɗayar sai a gida. Daga nan ya ce ai kunya ce mutum ya zo Izmir bai ga komai ba. Ya ja mu gindin hasumiyar agogo. "Inna, kin ga agogo? Kin ga tantabaru? To, mu je." Ya cusa mu a jirgin ruwa muka tsallaka, ƙafarmu ba ta gama taɓa ƙasa ba ya juyo da mu a jirgin da ya kai mu. Na rantse a ranar tafin takalmina ya koma kamar takarda. Munevver na baya tana haki, ɗankwali ya karkace.

Da rana ta take muka sake faɗawa kasuwa, Munevver ta tsaya cak.

"Yaro, a garinku ba a cin abinci ne?"

Daidai nan idonsa ya faɗa kan layi. Mu 'yan Izmir in mun ga layi gaban motar lokma, ƙafarmu da kanta take shiga. Wani ya rasu, danginsa sun sa a soya 'yan ƙwallayen fulawa a tsoma a ruwan sukari a raba wa duk mai wucewa. Ka karɓa, ka motsa leɓe da addu'a ga mamacin, ka yi gaba. Kafin in kamo rigarsa ya tafi ya dawo da robobi cike, ɗaya ma ya fara aikawa ciki.

Munevver ta ce, "Wannan fa?"

"Sadaka ce, Inna, wani ne ya mutu. Ci da zafinta."

Gulizar ta runtse ido. Tsohuwa ta tako a hankali zuwa dakalin masallaci ta zauna.

"Ranar sayayyar baikon 'yata, abincin mamaci za ka fara sa mata a baki? Kuma a tsaye kamar awaki? Gulizar, ajiye musu ledojinsu. A kai ni tasha."

Nevzat ya shiga zagaya ta kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. Inna ki yi haƙuri, Inna akwai gidan kifi nan kusa, Inna bari in kawo shayi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Can ta ce, "Wa ma ya mutu?"

"Ban duba ba, Inna."

"Ga sukarin mutum a gemunka, ba ka san sunansa ba! Je ka tambayo. In yi wa bawan Allah Fatiha kafin in bar muku garinku."

An aike shi suna, sai ga shi ya dawo da mutum. Wata 'yar tsohuwa ce riƙe da gwiwar hannunsa, ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa saboda saurinsa. Sunanta Sabahat, matar mamacin. Ashe da ya tambaye ta suna kuka ta fashe da shi, shi kuma ba ya iya tsayawa a gama kuka, sai ya taho da ita a ƙarasa a nan.

Sabahat ta ce wa Munevver, "Yaya, ɗanki ne wannan? Tun safe nake zaune gefen motar nan, rabin Izmir sun ci sun wuce, ba wanda ya ce Rustem wane ne. Sai wannan ɗan albarka."

Nevzat ya buɗe baki zai ce aiko shi aka yi. Na taka masa ƙafa da dukan nauyina, kuma Allah ya hore mini nauyi. Munevver ta dube shi, ta dube ni, ta ga ƙafar. Sai ta matsa wa Sabahat wuri.

Rustem ɗinkin komar masunta yake yi, hawan jini ya ɗauke shi. Mijin Munevver ma shi ya ɗauke shi. Shi ke nan, hira ta ɓarke: magungunan da ba su yi aiki ba, taurin kan maza, gishirin da suke ci a ɓoye. Suka yi kuka, suka yi dariya, suka ɗaga hannu muka shafa Fatiha. Sai Munevver ta miƙa yatsu ta ɗauki lokma ɗaya da ta riga ta huce, ta tauna.

"Sukarin ya yi yawa. Ina gidan kifin naka? Sabahat, tashi, tare za mu."

A gidan kifin ita ta raba wurin zama. Ta sa Nevzat jikin bango, ita a dama, Sabahat a hagu. Ta sa aka gaso ƙananan kifi masu ƙaya, ta riƙa zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsefe kitso. Ƙafar Nevzat na rawa a ƙarƙashin tebur, cokula na tsalle, gumi na zuba har cikin salak. Na ce, "Mazari, ko in ɗaure ka da ɗankwalina?"

Da Munevver ta suɗe yatsa na ƙarshe, ta juya ga 'yarta.

"Ba natsuwa, hankalin ma da sauƙi. Amma in an aike shi yana zuwa. Ke kika ce kina so, ke za ki yi ta binsa da numfashinki. A sa zobe ranar Lahadi. Sauran sayayya kuwa mu mata za mu yi, a bar wannan a gida."

Nevzat ya zabura zai sumbaci hannunta ya kai goshi. Ya manta akwai tebur a gabansa. Ni ce na koma gida da kan kifi a cinya.