Ranar da Gumin Kazue Ya Ɗauke

A layin kasuwa na garin nan na bakin teku babu wanda bai san Tsuruta Mihoko mai awara ba. Shagon na surukinta ne. Da ya rasu ita ta gaji tukunya, mijinta Genji ya gaji babur ɗin kai kaya gida-gida. Kullum kafin gari ya waye ta niƙa waken suya ta dafa, hannayenta jawur saboda ruwan sanyi. Teku na nan bayan shagon, amma ba ta taɓa bari ya wuce mata gwiwa ba. Babu abin da ya taɓa samunta a ciki, ita dai ba ta son ruwan da ba ta ganin ƙasansa.

Da ta haura hamsin likita ya ce jininta ya hau, ta nemi abin motsa jiki. A wurin iyo na gari ta haɗu da Kazue, tsohuwar malamar firamare, siririya mai kaifin baki, wadda ta girme ta. Kazue ta yi gasar nan ta iyo da keke da gudu a rana ɗaya har ta manta sau nawa. Ita ta koya wa Mihoko numfashi cikin ruwa, ta ara mata tsohon kekenta, daga baya kuma ta sa sunanta a gasar ƙarshen watan Yuli ba tare da ta tambaye ta ba.

"Maman yara, in kin nutse wa zai dafa waken gobe?" in ji Genji yana dariya. Amma ana gobe gasa shinkafarsa ma bai iya cinyewa ba.

Ran gasar tun da safe iska ta yi nauyi kamar tururin tukunya. Mihoko ta tsaya a bakin ruwa. Da aka busa usur mutane suka afka, ita ma aka tura ta ciki. Wani ya shure ta a fuska, ta haɗiyi ruwan gishiri, ta leƙa ƙasa ta ga duhu kawai. Ƙirjinta ya rufe. Ta kama gefen kwalekwalen masu ceto tana haki, mai kwalekwalen ya tambaye ta ko a fitar da ita. Ta so ta ce i, sai ta tuna abin da bakin Kazue zai yi mata, ta saki. Cikin na ƙarshe ta fito.

A kan keke rana ta buɗe sosai. Kwalta na wari, ruwan gorarta ya koma kamar shayi. Motar asibiti ta wuce ta da jiniya, can kuma wata. Duk wadda ta wuce sai ta taɓa goshinta ta ji ko da sauran gumi, domin Kazue ta sha gaya mata cewa in gumi ya ɗauke a cikin zafi, to mutum ya kusa faɗuwa.

Hanyar gudun ta ratsa gonakin shinkafa, babu inuwa ko ta sandar lantarki. An bar ta a baya, ba kowa gaba, ba kowa baya. Can ta hango wata na tahowa wajenta tana tangaɗi, ba hula a kanta. Kazue ce, wadda ya kamata a ce ta kusa gamawa.

"Yaya, ina za ki? Can ne gaba."

Kazue ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ta ce yara ba su dawo daga tara ba, a je a buga ƙararrawa. Mihoko ta riƙe hannunta, ta ji shi a bushe, da zafi kamar murfin tukunya. Sai Kazue ta sulale ƙasa. Rumfar masu ba da ruwa ta yi nisa, wayar Mihoko kuma tana jaka wurin ajiye kekuna.

A gefen hanya akwai magudanar da ke kawo wa gonakin ruwa daga dutse. Ta rungumo Kazue ta ja ta, suka zame ciki tare. Ruwan ya kai musu ƙirji da suka zauna. Ta tallafe kan Kazue a kafaɗarta, tana ɗibar ruwa da tafi tana zuba mata a wuya, tana ƙwala kira. Kazue ta ɗan yi surutai, sannan ta yi shiru, idanunta suka juye. Shirun nan ne Mihoko ba ta taɓa mantawa ba. Ta kara kunne a bakinta, bugun zuciyarta ita kanta ya hana ta jin komai.

Wani tsoho manomi ne ya ji ihun daga cikin gonarsa. Ya kira motar asibiti, ya cire malafarsa ya tsaya yana yi musu inuwa. Ya ce, "Riƙe ta dai, baiwar Allah, suna tafe."

Da aka tafi da Kazue wani ma'aikacin gasar ya tambayi Mihoko ko za ta ci gaba. Ta kasa ko miƙewa. A bayan motar manomin aka kai ta gida, jiƙe da taɓo.

Kazue ta yi kwanaki a asibiti, ƙodarta ta taɓu, likitoci suka hana ta gasar zafi har abada. Ran da Mihoko ta je duba ta, Kazue ta harare ta ta ce, "Saura kaɗan ki gama, sai kika tsaya wanka a gonar mutane." Mihoko ta buɗe baki za ta rama, kuka ya ƙwace mata.

Sai bayan shekara biyu Mihoko ta gama wata gasa a karon farko, ta lokacin kaka, tana kusan ta ƙarshe. Har yau duk safiyar gasa sai ta yi amai don fargaba. Ta Yuli kuwa ba ta sake shiga ba. In zafi ya tsananta takan rufe shago da rana tsaka ta kira Kazue ta ji ko ta sha ruwa. Kazue takan ce ta sha, ta ce ita ba jaririya ba ce, ta kashe wayar.