Rariyar da Na Ɗinke a Ɓoye

A lokacin da wannan abu ya faru ni amarya ce 'yar shekara ashirin, daga Kudancin Zariya, ba ni da kowa a Haɗeja sai mijina, shi ma sunan yana nan ne kawai. Malamin gona ne, yau yana Kirikasamma wajen masu shinkafa, gobe yana Malam Madori, in ruwa ya cika fadama sai ya yi sati bai samu hanyar dawowa ba. Sai in wuni ina share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata. Ranar Lahadi ce kawai nake jin yarenmu a coci, shi ma na awa biyu.

Wadda ta cire ni daga wannan kaɗaici wata Hajiya ce, dattijuwa, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta fara leƙowa ta ce wai ta ga hayaƙi na tashi a gidan amma ba ta jin motsin mutum, ko aljana aka kawo musu unguwa. Tun ranar nake kiranta Inna. Ta koya mini banda kifi, ta riƙa tsokanata wai tuwona ko jifa aka yi da shi zai fasa kai. Da na samu ciki komai na ci sai ya dawo, ban da ruwan lemo. Sai ga Inna da injin matse lemonta, mai hannun juyawa, wanda marigayi mijinta ya kawo mata daga Makka. Ba ta fito da shi sai da azumi, amma ta ce in riƙe har laulayin ya wuce.

Kwaɗayi ne ya ja ni. Wata rana na jiƙa tsamiya, na ji ƙyuyar cire ƙwallayen, na zuba na dinga juyawa da ƙarfi. Sai na ji ƙas. 'Yar rariyar ƙarfen da ke ciki, wadda take tace ruwan, ta yage kamar faɗin ɗan yatsa. Na yi tunanin kai ta wajen masu gyaran fitila a kasuwa, amma wa bai san injin Hajiya ba a unguwar? Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Sai na yanko ragar taga, irin mai hana sauro, na warware siririyar waya daga lalatacciyar rediyon mijina, na zauna na ɗinke kamar mai yin ƙwado da linzami, na goge da toka har ya yi ƙyalli. Wallahi har daɗi na ji da iyawata. Na mayar mata da shi tare da ƙwai, tunda ba a mayar da kayan aro hannu wofi. Ta yi ta sa mini albarka, na juya na koma gida.

Azumi na kamawa, rana ta uku, na ji salati ta bayan katanga. Inna ta sha lemon da aka matse da injin a buɗa-baki, wani abu ya tsaya mata a maƙogwaro, tana tari har da jini. Sai da aka kai ta asibiti a Kano. Da ta dawo na bi matan unguwa muka shiga dubiya. Muryarta ta dushe, da ƙyar ake ji. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ƙayar kifi ce, mutumin Haɗeja ai ba ya rasa haɗuwa da ita. Tana faɗa tana riƙe da hannuna. Nan na gane ta buɗe injin, ta ga ɗinkin, ta kuma zaɓi ta rufa mini asiri.

Da na durƙusa a ranar na ce Inna ki yafe mini, da magana ta ƙare. Amma kunya ta ɗaure ni. Na daina shiga. In na ji takunta sai in yi lamo a ɗaki kamar ba kowa. Ta aiko surukarta ta tambaya ko wani laifi ta yi mini, na ce nauyin ciki ne kawai. Da na haihu ta aiko da itacen wanka da kunun kanwa kullum har na yi arba'in, ina sha ina kuka. Kaɗaicin farko bai kai rabin wannan ba, don yanzu ina jin tarinta ta katanga.

Da aka yi wa mijina canjin wajen aiki, dole na shiga sallama. Ta karɓi jaririn ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, da wannan dusasshiyar muryar da ba ta ƙara warwarewa ba, wayar nan cikin minti kaɗan likita ya cire ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne 'yar da ta ɗauka tata ta zaci za ta fifita ƙarfe a kanta. Ta ce wata bakwai tana barin ƙofarta a buɗe saboda ni. Direban motar kayanmu yana ta matsa oda a waje, na ce Allah ya saka da alheri na fito. Bayan shekara biyu, ina ta cewa zan rubuta wasiƙa, labarin rasuwarta ya iske ni.

Yanzu na yi jikoki, kuma na fahimci ba don in kare zumuncinmu na yi ɗinkin nan ba, don in kare fuskata ne. 'Yan uwana mata, in kayan aro ya lalace a hannunku, ku kai shi yadda yake, ku faɗa da bakinku, musamman abin da ci ko sha ke bi ta cikinsa. In kuma kun riga kun yi kuskuren, aka rufa muku asiri, kada ku ɗauka an gama magana. Mai rufa asirin tana zaune tana jiran ku shigo. Ni tawa ta jira wata bakwai, tsakaninmu taku goma bai cika ba, ban je ba.