Hala Rumasa'u da Sunan da Ba Ta Rubuta Ba

Ranar Litinin, sha biyu ga Muharram na wannan shekara ta 1447, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Rumasa'u Garba, wadda mu 'yan unguwar Mansur a Makka muke kira Hala Rumasa'u, wato inna Rumasa'u. Ta gama shanya ke nan ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin a isa asibiti wa'adi ya cika. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Shara'i. Na Allah muke, gare Shi kuma muke komawa.

Ni ce Nadiya, malamar 'yan mata a makarantar hadda ta unguwarmu. Yau kwana takwas da rasuwarki, Hala, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Wanda bai san ki ba zai tambaya me kika yi. Shekara goma sha ɗaya, duk hutun bazara, kina kwasar 'yan matan da suka kammala haddar shekara ki fitar da su daga Makka, su ga gandun daji da duwatsun da hukuma ta keɓe don shaƙatawa. Yawancinsu a nan aka haife su, ba su san komai ba sai kwalta da siminti da zafin da ke tashi daga dutse. Kin kai su Saisad da Shafa a Ɗa'if, kin kai su dajin Ragadan a Baha, sau biyu kin kai su Asir. Shekara bakwai ina biye da ke. Kin sha ce mini, “Malama Nadiya, yarinya ta haddace ayar itatuwa da ƙoramu, ba ta taɓa zama ƙarƙashin itace ba. Wannan karatu ne?”

Iyaye ba su yarda da sauƙi ba. Gida-gida kika bi, kina shan shayin da ba kya so, har kika samo dabarar da ta buɗe ƙofofi: duk tafiya sai an biyo ta miƙati a dawowa, yara su ɗauki harami su shigo da umra. Uban da ya ce 'yarsa ba ta zuwa yawo, da ya ji haka sai ya sa hannu.

Ba kya tafiya da ka. Mako biyu kafin kowace tafiya, ke da maigidanki Ammu Dawuda, wato baffa Dawuda, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa bas daga tashar Kudai, kukan bi hanyar ku biyu. Shi yana tuƙi, ke kina rubutu a daftari: inda banɗakin mata ke da ruwa, masallacin da ke da labule, kwanar da yara ke fara amai don a raba lemon tsami kafin a kai ta, inuwar da za ta ɗauki mutum talatin. Kin koyi wannan ne daga tafiyar farko, da kika kai 'ya'yan Makka Baha ba ko rigar sanyi ɗaya, suka kwana cikin labulayen masauki suna karkarwa suna dariya. Kin rubuta a shafin farko da babban baƙi cewa laifinki ne. Bayan an dawo kuma kowace yarinya sai ta cika shafi guda da abin da ta gani. Wadda ta rubuta da Larabci kikan ce, “Madalla. To yanzu faɗa wa kakarki da Hausa.” Akwai shafin da wata ta zana birin da ya fizge mana ledar tsire a Shafa, kika rubuta a ƙasa: “Kada a buɗe abinci kusa da katanga. Sun fi mu shiri.”

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi da ke, kuma dole in faɗe shi. Duk ranar da za a hau can ƙololuwa, inda gajimare ke wucewa ta ƙasan ƙafar mutum, sai gwiwarki ta tashi. Ki zauna ki dafe ta, ki ce, “Wallahi yau ba ni iyawa. Ke da ke da ke, ku zauna ku taya tsohuwa hira.” Yaran da kika nuna su ɓata rai, ni ma in ɓata. Shekarar da muka je Ragadan har na ce miki, “Haba Hala, shekara guda suna jiran wannan rana, don gwiwarki za a hana su?” Kika dube ni kika ce, “Ya binti, 'yata, hau da naki. Allah Ya ba ki gwiwa irin tawa.” Na ɗauka baƙar magana ce.

Ranar uku, da aka tashi daga zaman makoki, 'yarki Hadil ta miƙo mini daftarin bana. Tafiyar Asir ce, ranar Lahadi biyu ga Safar, 'yan mata ashirin da uku, duk sababbi. Kin gama komai: a bi hanyar gaɓar teku, a sauka a Muhayil da ke ƙasan dutse, washegari a hau ƙololuwar Suda, a dawo ta miƙatin Yalamlam. A gefen shafin ranar hawa na ga rubutunki ƙanana: “Ɗaya ba za ta hau ba. Likita ya hana ta tudu mai nisa da sanyi. Uwarta ta ba ni amana. In zauna da ita da wasu biyu a Muhayil, a ce gwiwa.”

Na karanta ya fi sau goma. Na tambayi Hadil wace gwiwa ce ke damunki, ta ce, “Umma? Matar da ke ɗawafi a benen Harami ba ta ko tsayawa?” Na koma tsofaffin daftarai, na iske irin wannan layi a shekaru shida. Ko sau ɗaya ba ki sa suna ba. Biyun da kike haɗawa da yarinyar, don kada a gane wace ce kike haɗa su. Na yi kuka a ɗakinki, Hala, kukan rashinki da na kunyar maganar da na faɗa miki a Baha.

Yanzu ga inda nake. Saura kwana goma sha biyu. Cikin yara ashirin da uku akwai wadda hawan nan zai iya kwantar da ita a kan dutse, nesa da asibiti, kuma ban san ta ba. Ina zaton sikila ce, don na tambayi wata likita ta ce ƙarancin iska da sanyi na tayar da ita, amma zato ne kawai. Ammu Dawuda bai sani ba. Ya ce ba ki taɓa kawo masa sirrin gidan wani ba. A aji ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi hamma sai in ce ko ita ce. Kuma na san dalilin ɓoyewar. Mun san yadda magana ke yawo a Mansur, mun san abin da kalma ɗaya ke yi wa yarinya idan lokacin aurenta ya zo.

Sai na ɗauki hanyarki, na fara bin gidaje. Na shiga goma sha huɗu. A huɗu daga ciki, bayan an kori yara daga falo, uwa ta matso ta faɗa mini abin da ke kaɗai ta taɓa faɗa wa. Ba wanda ya shafi tudu. Ashe haka kike shiga bas kowace shekara, da wannan kaya duka a kanki, kina raba alewa kina tsokanar direba. Sauran gidajen goma sun karɓe ni da kyau, aka yi addu'a, aka rako ni ƙofa. Ban sani ba ko na riga na wuce gidan ba a yarda da ni ba. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Na yi ta wasiwasi kafin in rubuta wannan, don tsoron a fara ƙirga 'ya'yan mutane. Ina roƙon duk mai karantawa, don girman Allah da darajar wadda muka rasa, kada ya yi. Ke kuma uwar da kika ba Hala amana, ban kai Hala ba, na sani, amma bakina zai rufe kamar nata. Kada ki cire 'yarki daga tafiyar, yin haka ne zai nuna ta. Kada kuma ki yi shiru ki bar ta ta hau. Saura gida tara, kuma zan sake zagayowa na farkon, kowa da kowa, don kada shigata wani gida ta zama alama. Kalma ɗaya ta isa. Duk ajin ya san kaina na juyawa a kwana-kwanar dutse, ba wanda zai yi mamaki idan na zauna a Muhayil na riƙe uku, sauran malamai suka hau da saura. Idan kuwa har ranar tafiya ban ji ba, babu mai hawa Suda bana. Za su yi fushi da ni su ashirin da uku, zan ɗauka. Ba zan hau da yarinyar da ban san yadda zan sauko da ita ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Rumasa'u, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya Aljannar Firdausi ce makomarta. Yadda ta rufa asirin 'ya'yan mutane, Ka rufa nata ranar da asirai ke tonuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ammu Dawuda, da 'ya'yanta Hadil da Muhannad, da jikoki, da dukkan 'yan matan da suka taɓa zama a ƙasan dutse tare da ita suna jin haushi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya kuma sanya wa uwar nan natsuwar da za ta buɗe mini baki kafin biyu ga Safar.